Sistocin Gusau da Gajiyayyun Yammacin Zamfara

Wanda ya tashi daga Gusau ya nufi yamma, ya wuce Bunguɗu da Maru, ya rabu da hanyar Sakkwato a mararrabar Mayanci, to, ya kama hanyar da za ta sada shi da Anka, sa'an nan Daki Takwas, sa'an nan Gummi, Bukkuyum kuwa tana tsakaninsu, Gulbin Zamfara yana ratsa ƙasarsu duka yana gangarawa yamma. Waɗannan garuruwa ba na jiya ba ne. Tun da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a cikin shekarun 1760, sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har daga bisani sarautar ta zauna a Anka, inda take har yau. Gummi tana da Sarkin Mafara, Bukkuyum tana da Sarkin Danko. A ƙasar Zamfara Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi tun kafin hijira, a nan kuma jama'arsa ta yi zango a Sabon Gari cikin 1805. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san cewa sa'ad da matan nan 'yan ɗariƙar Katolika, waɗanda muke kira sistoci, suka iso lardin Sakkwato da nufin hidima ga yaran talakawa da marasa lafiya da gajiyayyu, sun tarar da ƙasa ce wadda ta daɗe da sanin wanda ya wajaba ya ciyar da wani, da wanda zai ɗauki maraya, da wanda zai kwana kusa da tsohuwa idan ƙafa ta ƙi. Abin da suka iya yi a nan, da abin da ya gagare su, wancan tsohon tsari ne ya yanka musu iyakarsa.

Tushen tsarin shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki suna noma gona guda, suna zuba hatsi a rumbu guda, kowane magidanci yana da gayaunarsa da yake taɓawa da yamma ko ranar da aka ba shi, amma tuwon dare daga rumbun gandu yake fitowa, ba a kuwa auna wa tsoho rabonsa gwargwadon kuyyan da ya nome. Idan ƙarfinsa ya ƙare sai ya miƙa wa babban ɗansa ragamar gida, ya koma zaure yana tufkar igiya yana raba faɗan yara. Shari'a kuma ta zo ta ɗaure abin da al'ada ta riga ta kafa, domin duk ɗalibin da ya sauke Risala a zauren malaminsa ya san nafaƙar iyaye matalauta wajiba ce a kan ɗa mai hali, alƙali kuma yana da ikon tilasta shi. Ya san kuma cewa a mazhabar Imamu Malik, idan uwa ta rasu ko ta yi wani aure, haƙƙin renon yaro yana komawa ga kakarsa ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwar, kafin a waiwayi dangin uba.

A nan ne hikimar riƙo take, kuma ba na jin an yaba mata yadda ya kamata. Tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suka watsu a gidajen aure, ba a barinta ita kaɗai a ɗaki, sai a ɗauki jika, galiban wanda aka yaye ko wanda uwarsa ta fita, a ce ga ɗan taya ki kwana. Yarinyar ta ɗebo mata ruwa, ta hura mata wuta da sanyin hunturu, ta ɗauki tallan daddawa ko ƙuliƙulin da tsohuwar ta yi, ita kuwa ta yi mata tatsuniya da tarbiyya, ta tara mata kwanoni da tasoshi na ranar aure. Da dubara guda aka biya bukata biyu, maraya ya sami uwa, tsohuwa ta sami ƙafa. Wanda kuma ya faɗo ta wajen wannan, akwai zakka tana jiransa, dami guda cikin goma da kaka, da zakkar kono a ƙaramar salla. Makafi da kutare da guragu suna da sarakunansu da unguwanninsu da ranarsu ta Juma'a. Almajiri yana da uwar ɗakin da take ajiye masa ƙanzo. Har ma hidimar mata a ƙungiyance saboda Allah ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato, tun da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa wa jajinsu malfa, dattijai mata da 'yan matan da ba su isa aure ba suna tahowa daga ƙauyuka da sadakarsu, suna komawa da karatu.

Amma wanda ya ce tsarin nan bai bar kowa a baya ba, son kai ne ya sa shi faɗa. Tsohuwar da Allah bai ba haihuwa ba, 'yan'uwanta maza kuma suka riga ta tafiya, ita ce ake wa kallon banza, idan kuwa yaro ya yi rashin lafiya a unguwa, wani lokaci ita ake nuna wa yatsa da sunan maita. Babban giɓin kuwa yana ɗakin haihuwa. Ungozoma ta san yankan cibiya da wankan jego da kunun kanwa, amma idan ɗa ya gitta, ko ƙugun yarinya ya yi ƙanƙanta, iyakar abin da ke hannunta rubutu ne da hayaƙi da yankan gishiri, ita kuma mai naƙudar fari kunya ta hana ta ko nishi, har kwana biyu ko uku su wuce. Wadda ta tsira da yoyon fitsari ta tsira ne zuwa wani kaɗaici. Yaron da ya fito lafiya kuwa, baƙon dauro yana jiransa da bazara, zazzaɓi da damina, tamowa a wajen yaye. Waɗannan ba ƙarancin tausayi ya kawo su ba. Gandu yana da hatsi da hannuwa, ilmin tiyata da allura ne ba shi da su.

Su kuwa sistoci, asalinsu wata ƙasa ce mai wani irin ciwo. A Faransa cikin 1633 wani limamin kirista, Vincent de Paul, tare da wata gwauruwa, Louise de Marillac, suka tara 'yan matan ƙauye domin su riƙa bin marasa lafiya gida-gida a birnin Faris, suna tsintar jariran da aka yar, alhali kafin nan galibin matan da suka shiga ruhbananci a kulle suke bayan katanga suna ibada. Shekara 200 da 'yan kai bayan haka, da sanyin 1839, wata baranya mai suna Jeanne Jugan, a garin Saint-Servan na bakin teku, ta goyo wata tsohuwa makauniya wadda ba ta da kowa, ta kwantar da ita a gadonta, ita ta koma wani wuri. Daga nan aka sami ƙungiyar da ta keɓe kanta ga tsofaffi matalauta, wadda kafin rasuwar matar a 1879 ta kai mata wajen 2,400. Abin lura shi ne duka biyu a cikin gari suka tsiro, inda talauci da ƙaura da yaƙe-yaƙe suka raba mutum da danginsa, har ya zama tsohuwa tana iya mutuwa a ɗaki maƙwabta ba su sani ba. Magani ne da aka haɗa saboda cutar da ƙasar Zamfara ba ta kamu da ita ba tukuna.

Sun kuma makara wajen isowa, da dalili. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi wa manyan gari alkawarin cewa ba za a taɓa addininsu ba, razdan-razdan kuma suka fassara alkawarin da cewa mishan ba zai zauna a ƙasar sarki Musulmi ba sai da yardarsa. Tsoron sarakuna da malamai a kan maraya musamman ba na banza ba ne, domin a 1909 gwamnati ta kwashe yaran gidan 'yantattun bayi na Zungeru ta miƙa su ga mishan ɗin SUM a Rumasha, can wajen Binuwai, kuma kowa ya ga addinin da suka tashi a kai. Sai a ƙarshen shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe, ta wajen da babu mai gardama a kai, watau kuturta, sa'ad da aka damƙa wa mishan ɗin SIM zangunan kutare na Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Sistocin St. Louis daga Ailan suka sauka Kano a 1948. Lardin Sakkwato da na Katsina kuwa sai a 1953 fadar Paparoma ta yanke su ta mai da su yanki guda, ta ba fada-fadan ɗariƙar Dominik na Amurka, a 1954 ta naɗa Edward Lawton shugabansu, shi kuma ya zaɓi zama a Gusau.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane abin da ya sa Gusau. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929 shi ya mai da ita kasuwar auduga da gyaɗa, ya tara mata akawuna da makanikai da 'yan tireda daga kudu, waɗanda da yawansu Katolika ne tun daga gida. Anka da Gummi da Bukkuyum, da yake jirgi bai bi ta kansu ba, sarautarsu ta fi ta Gusau tsufa amma kantunansu ba su kai nata ba, saboda haka baƙin da za su cika coci ba su taru a can ba. A Gusau ɗin ne, cikin 1956, sistocin farko na wannan yanki suka sauka, daga wani gari mai suna Great Bend a jihar Kansas, ƙasar alkama shimfiɗaɗɗiya a tsakiyar Amurka, inda ƙungiyarsu ta riga ta yi sama da shekara 50 tana riƙe da asibiti da makarantu. Suka fara da ɗakin shan magani da karɓar haihuwa da koyar da yara, daga baya suka miƙa zuwa Yelwa ta ƙasar Yawuri, da Malumfashi, da Zuru. Idan aka dubi taswira sai a ga garuruwanmu uku sun zauna a tsakiya, Gusau tana gabas da su, Zuru tana kudu ta hanyar Daki Takwas. Wanda ya bukaci sista daga cikinsu, shi ne zai hau mota ya je ya same ta.

Yana da kyau a tsaya a yi tunanin yadda Bazamfariya ta ga waɗannan mata da fari. Ga su da fararen tufafi har ƙasa, kai a lulluɓe, ba kwalli ba awarwaro, suna tashi da asuba suna ibada, da tasbaha a rataye a ɗamara, duk alamun kamun kai da aka sani ga matan malamai; ga shi kuma an ce sun yi alwashi uku, ba za su mallaki dukiya ba, ba za su saɓa wa shugabarsu ba, ba za su yi aure ba har abada. Na ukun nan shi ne ya fi wuyar haɗiyewa a ƙasar da mace baliga ba ta da mazauni sai ɗakin miji ko zawarcin da ake sa ran ƙarewarsa. Malamai dai ba su rasa inda za su ajiye su ba, domin Alƙur'ani ya ambaci ruhbanawa a Suratul Ma'ida ya yaba musu da rashin girman kai, ya kuma bayyana a Suratul Hadid cewa ruhbananci abu ne da suka ƙaga wa kansu, Sayyidina Abubakar kuma ya hori rundunar da ya aika Sham da kada ta taɓa waɗanda suka tsare kansu a ɗakunan ibada. Hukuncin ke nan a taƙaice: hanya ce da ba a shar'anta mana ba, masu bin ta kuwa ba a wulaƙanta su. Tsofaffin mata ba su jira fatawa ba. Wadda ta kawo jikanta yana amai da zawo, ta ga an tsaya a kansa har ya buɗe ido, sai ta ce, “Sannu ɗiyata, Allah shi biya ki,” ita kuma ta amsa da “Sannu Inna,” da Hausarta ta koyo.

Abin da ya ba su shiga inda fada ba zai taɓa shiga ba shi ne kasancewarsu mata. Maigidan da zai gwammace matarsa ta haƙura da ciwo da a ce namiji baƙo ya duba ta, ba ya jin nauyin miƙa ta ga mace, ko da Baturiya ce, ko da Nasara ce. Aikinsu sai ya bi giɓin nan da na ambata kamar yadda ruwan farko yake bin tsagar fako: awon ciki, karɓar haihuwa, lambar rigakafi, madarar jaririn da uwarsa ta rasu a kan gwiwa, koya wa uwa yadda za ta dama kunun yaye da gyaɗa. Ba na cewa ba su da wata manufa bayan wannan. Mishan mishan ne, su ma ba su ɓoye cewa saboda Almasihu suka zo ba, kuma sun so a bi su. Sai dai gaskiyar tarihi ita ce Musulmin lardin sun karɓi maganin sun riƙe addininsu, waɗanda suka amsa kiran galibinsu Maguzawan ƙasar Malumfashi ne da mutanen ƙasar Zuru da Yawuri, Dakarkari da Dukawa da Kambari. Daga Malumfashin nan Gerald Mamman Musa ya fito, wanda aka naɗa bishop na farko na Katsina a 2023. Wani daga cikin fada-fadan kuma, Joseph Kenny, zaman da ya yi a wannan yanki ya kai shi ga karatun Larabci da tauhidin Sanusi, har ya fassara Risala zuwa Ingilishi, abin da zai ba malaman zaure mamaki da sun ji.

Shekara 10 kacal da zuwan sistocin ƙasa ta rikice. Tarzomar watan Mayu na 1966 ta taɓa Gusau, ta Satumba da Oktoba ta fi muni, mutanen gabas suka kwashe suka tafi, cocin da aka gina dominsu ya zama wayam, Bishop Lawton kuma ya rasu a ƙarshen shekarar. Bayan yaƙin basasa gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantun mishan. Wanda ya gaji Lawton, Michael Dempsey, da sistocin Kansas, suka fahimci cewa aikin da yake rataye da takardar izinin zama da jirgin sama ba zai daɗe ba, saboda haka a 1973 suka fara karɓar 'yan matan Nijeriya, suka kafa ƙungiyar gida wadda suka raɗa wa sunan Katarina ta Siyena, wata mata 'yar Italiya ta ƙarni na 14 da ta shahara da jinyar masu annoba. Ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta a 2007, cibiyarta tana Gusau, uwayenta na Kansas kuwa, da tsufa ya cim musu kuma masu shiga suka yi ƙaranci, suka haɗe da wasu ƙungiyoyi a 2009. Ke nan sistocin da suka ga ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau cikin Oktoba na 1999 suka kuma ci gaba da zama, 'yan ƙasa ne. A hayin iyaka ma haka ta faru, inda a 2006 Marie-Catherine Kingbo, 'yar Senegal, ta kafa wata ƙungiya a Maraɗi, tana ciyar da yara masu tamowa a Ɗan Bako, tana karantar da 'yan mata a Tibiri, a tsakiyar Gobirawa Musulmi.

To, ina tsofaffi a cikin wannan labari? A nan ne ƙofa ta ƙi buɗuwa. Irin gidan nan na Jeanne Jugan, inda ake tara tsofaffi a yi musu gado da abinci har ajalinsu, ƙungiyarta ta buɗe shi a Enugu, amma bai yi saiwa a ƙasar Hausa ba, ko na mishan ko na gwamnati; ɗan abin da ake da shi, irin gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano, an san shi da waɗanda suka rabu da garinsu da danginsu. Bazamfare zai kai ɗansa asibitin Nasara ba tare da ya ji komi ba, domin wannan neman magani ne, Annabi kuwa ya yi umurni da neman magani. Amma ya ɗauki uwarsa ya kai ta wani gida ya dawo ya kwana, wannan a wurinsa uƙuƙul walidaini ne tsantsa, abin gorin da za a yi wa jikokinsa, kuma ko shi ya yarda ita ba za ta yarda ba, domin tana son ta cika a ɗakinta, a yi mata laƙani, matan da ta sani su yi mata wanka. Saboda haka tsohuwa takan zo wurin sista a matsayin mai rakiya, ita ce mai goyon jika, ita ce mai jinyar 'yarta, wani lokaci a duba mata ido ko a ba ta na sanyin ƙashi, sa'an nan ta koma gida. Ni kam ina ganin al'ada ta yi daidai a nan, kuma sistocin sun yi hankali da suka zuba ƙarfinsu inda ake bukatarsa.

Musulmi ma sun ɗauki darasi, ko da ba kowa yake son a faɗa ba. Ɗan Gummi ne, Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Arewa, yana cikin waɗanda suka tsaya tare da Sardauna aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, da makarantunta da 'yan agajinta. Izala ta biyo a 1978 da nata. A 1985 mata Musulmi suka haɗu a Minna suka kafa FOMWAN, wadda ta gina makarantu da asibitoci da gidajen marayu. Jihar Zamfara kuma, wadda aka ƙirƙiro a 1996, ta kafa Hukumar Zakka da Waƙafi bayan ƙaddamar da shari'a. Sadaka da zakka namu ne tun fil azal. Rajista da kwamiti da inifom da littafin lissafi kuwa, zama kusa da mishan yana cikin abubuwan da suka koya mana amfaninsu, ba kuma abin kunya ba ne, tun da rige-rige wajen alheri umurni ne.

Ranar da yaran yammacin Zamfara suka fi bukatar baƙo mai jinƙai ta zo a 2010. Farashin zinariya ya hau a kasuwar duniya, mazan ƙauyuka suka koma haƙa, suna kawo duwatsun gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara suke rarrafe, alhali duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta zauna a ƙasa, yaro ya sa hannu a baki, sai amai, sai jijjiga, sai suma. A watan Maris wasu ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda sanƙarau suka fito nema, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Binciken da aka yi a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Jimillar waɗanda gubar ta kashe an ƙiyasta ta kai 400. Aka buɗe ɗakunan jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, ana ba yara maganin da yake kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari, makonni ana sha. Aka kankare ƙasar tsakar gidaje a Abare da Sunke da Tungar Daji da sauransu aka zuba sabuwa, domin maganin banza ne idan yaro zai koma cikin ƙurar. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Kafin a miƙa aikin ga hukumomin jiha a farkon 2022 an gwada jinin yara sama da 8,000. MSF ba ƙungiyar addini ba ce, likitocin Faransa da suka yi aiki a Biyafara ne suka kafa ta a 1971. Watau fitinar da ta kwashe jama'ar sistocin Gusau ita ce ta haifi waɗanda suka zo Anka bayan shekara 40. Sun kuwa tarar da abin da sistocin suka tarar, cewa ba a kwantar da yaro sai da izinin uba, ba a kuma riƙe uwa makonni a asibiti sai an sami tsohuwar da za ta riƙe sauran yaran a gida.

Gubar dalma ta kashe yara amma ta bar gandu a tsaye. Abin da ya biyo bayanta shi ne ya sare shi daga tushe. Satar shanu ta zama fashi, fashi ya zama garkuwa da mutane da ƙone ƙauyuka, har gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar cikin Afrilu na 2019, hanin bai kuwa tsayar da komi ba. A farkon Janairu na 2022 aka afka wa ƙauyukan da ke tsakanin Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mutanen wurin suka ce sun kai wajen 200. Waɗanda suka tsira suka kwarara cikin gari, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye da makarantu, wasu a filin sabuwar fadar Sarkin Zamfara da ba a gama ginawa ba, ɗakunan yara na asibitin Anka da na Gummi kuma suka riƙa cika da masu tamowa kowace damina. Galibin waɗanda ake kashewa ko a sace magidanta ne, masu ƙarfin noma, watau ainihin waɗanda shari'a ta ɗora wa nafaƙa. Waɗanda suke isa sansani kuwa mata ne da yara da tsofaffi.

Hukuncin reno yana nan yadda malamai suka rubuta shi, kakar wajen uwa ita ce ta fi cancanta da maraya, tana kuwa karɓarsa ba ta musu, wani lokaci su huɗu ko biyar a tabarma guda. Sai dai waɗanda suka rubuta hukuncin sun gina shi ne a kan cewa ciyarwar za ta fito daga dukiyar uban ko daga rumbun danginsa, shanun kuwa an kore su, rumbun an sa masa wuta. Zakkar hatsi ma sai an girbe ake fitar da ita, a ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum da Gummi kuwa manomi ba ya shiga gonarsa da shuka, ba ya kuma kwashe abin da ya noma da kaka, sai garin ya tara kuɗi ya kai wa masu bindiga.